Abin da Mafarautan 'Yan Wasan Besbol Ke Dubawa, da Yadda Za a Shirya Musu Mataki-Mataki

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga iyayen da 'ya'yansu suka kama wasan besbol a makarantun Amurka da Kanada, da kuma daga samarin su kansu, ita ce: me waɗannan mutanen da ke zama bayan raga da agogo da littafi suke rubutawa, kuma ta yaya yaro zai shiga idonsu? Kowace ƙungiya cikin 30 da ke MLB, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, tana da ma'aikatan da aikinsu shi ne yawo daga fili zuwa fili suna neman matasan da za a ɗauka, kuma a wannan rubutu zan kira su mafarauta. Abin da suke aunawa sananne ne, kuma mafi yawansa yaro zai iya auna wa kansa tun kafin ya kashe ko sisi wajen zuwa gwaji. Babban kuskuren da ake yi shi ne kai kai gabansu kafin a yi wannan awo.

Mataki na 1: Ka san ma'auninsu

Mafarauci yana duba baiwa biyar a jikin duk ɗan wasan da ba mai jifa ba: iya bugun ƙwallo, ƙarfin bugu, gudu, ƙarfin hannu wajen jifa, da iya tsaron fili. Kowace baiwa ana ba ta maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan wasan babbar gasa, 60 ya fi matsakaici, 70 gwani ne, 80 kuwa 'yan kaɗan ne a duniya. A takardar rahoto ana rubuta maki biyu ga kowace baiwa, na yau da kuma na gaba, wato inda ake hasashen yaron zai kai idan ya gama girma ya samu horo. Maki na biyu shi ƙungiya ke saya da kuɗinta.

Gargaɗi: 50 ba matsakaicin makarantarku ba ne, ba kuma na garinku ba. Yaron da ya gagari kowa a gasar unguwa yana iya samun 30 a yau, kuma wannan ba cin fuska ba ne. Sannan ba a buƙatar baiwa biyar duka su cika. Masu cika su ba su da yawa. Baiwa ɗaya da ta yi fice sosai, tare da gurbin da yaro zai iya tsarewa, ta fi biyar da duk suka tsaya a 40.

Mataki na 2: Tantance ƙofar da za ka shiga, ka gyara takardu

Ƙofa biyu ce. Mazauna Amurka da Kanada da yankunan Amurka irin su Puerto Rico suna shiga ta zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi a watan Yuli, wanda tun 2021 zagaye 20 ne, ana ɗaukar kimanin mutum 600. Wanda ya gama sakandare ya cancanta. Wanda ya shiga jami'a mai shekara huɗu kuwa sai ya gama shekara ta uku ko ya cika shekara 21. Kowa da ke wajen waɗannan ƙasashe, daga Jamhuriyar Dominika da Benezuwela har Afirka, ƙungiya na ɗaukarsa kai tsaye a lokacin sa hannu da ake buɗewa ranar 15 ga Janairu, da sharaɗin ya cika shekara 16, zai kuma cika 17 kafin 1 ga Satumba na wannan shekara, kuma an yi masa rajista da hukumar MLB.

Tun yanzu a tanadi takardar haihuwa ta asali, da fasfo, da takardun makaranta, a tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a cikinsu duka.

Gargaɗi: kada wani ya ba ka shawarar rage shekaru. Hukumar tana binciken shekaru da asalin 'yan wasan ƙetare, kuma wanda aka kama yana iya rasa kwantiragi a kuma dakatar da shi. Ɗan wasan da aka sani da Fausto Carmona ya yi shekaru yana jifa a ƙungiyar Cleveland kafin a kama shi a 2012, aka gano sunansa Roberto Hernández kuma ya girmi shekarun takardarsa da uku. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan harka ma ya fi ƙurewa, domin darajar yaro gaba ɗaya a kan shekarunsa aka ɗora ta.

Mataki na 3: Auna kanka a gida

Kayan aikin ba su da yawa: tef ɗin awo, agogon awon gudu ko wayar hannu mai ɗaukar bidiyo, littafi, da mutum ɗaya mai gaskiya da ba zai sassauta maka ba. Na'urar auna gudun ƙwallo, wadda ke aiki kamar ta jami'an hanya masu kama direbobi, ƙaramarta ta aljihu tana kai 'yan ɗaruruwan daloli, saboda haka ya fi sauƙi a ara wajen koci ko 'yan ƙungiya su haɗa kuɗi su saya.

Fara da gudun yadi 60, wato kusan mita 55, a kan ciyawa, da takalmin wasa, kana tsaye a karkace kamar mai shirin barin tasha, wato ɗaya daga cikin wuraren da ɗan wasa ke takawa yayin da yake zagaya fili. Agogo na tashi ne da motsinka na farko, ba da busa ba. Matsakaicin ƙwararru yana tsakanin daƙiƙa 6.7 da 6.9, kuma wanda ya sauka ƙasa da 6.5 kowa zai ɗaga kai ya dube shi. Na biyu shi ne gudu daga wurin bugu zuwa tasha ta farko, tazarar ƙafa 90, kimanin mita 27. Mafarauci na danna agogo a daidai lokacin da gora ta taɓa ƙwallo, ya sake dannawa idan ƙafa ta taka tasha. Daƙiƙa 4.3 ga mai bugu ta dama da 4.2 ga mai bugu ta hagu su ne maki 50, 4.0 da 3.9 su ne 80. Dubi yadda kashi uku cikin goma na daƙiƙa ya raba matsakaici da wanda babu kamarsa.

Mai cafke ƙwallo a bayan mai bugu yana da nasa awon: daga ƙarar shigar ƙwallo safar hannunsa zuwa ƙarar shigarta safar mai tsaron tasha ta biyu, tazarar kusan mita 39. Daƙiƙa 2.0 shi ne matsakaicin babbar gasa.

Gargaɗi: a yi kowane awo sau uku a rubuta duka, kada a ɗauki mafi kyau a yi ta yawo da shi. Uba ko yaya mai riƙe da agogo yakan yi saurin dannawa ba da niyya ba, kuma lambar da aka ƙawata a gida ita ce za ta kunyata yaro ranar da aka auna shi da na'ura.

Mataki na 4: Zaɓi gurbin da jikinka ya dace da shi

Ba gurbi ɗaya ake auna kowa da shi ba. Gurabe na tsakiyar fili, wato mai cafke, da mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, da mai tsaron tasha ta biyu, da mai tsaron tsakiyar bayan fili, ana fara duba tsaronsu da gudunsu, ana kuma yi musu uzuri idan bugunsu bai kai ba. Gurabe na gefe, tasha ta farko da ta uku da kusurwoyin bayan fili, dole mai su ya zo da ƙarfin bugu. Yaron da ba ya gudu sosai kuma aka ajiye shi a tasha ta farko, to ya sani gorarsa ce kaɗai za ta ciyar da shi. Bahago mai jifa da hagu ba a sa shi cafke, ko tasha ta biyu, ko ta uku, ko tsakaninsu, saboda sai ya juya jiki kafin ya jefa tasha ta farko. Amma idan ya zama mai jifa, hagun nan tasa daraja ce.

Shawarata ita ce yaro ya riƙe gurbi mafi wuya da zai iya har sai an cire shi daga can, domin daga tsakiya ana komawa gefe amma da wuya a dawo. Kada kuma a ƙi sauyi idan masana suka kawo shi. Kenley Jansen na tsibirin Curaçao mai cafke ne a ƙananan ƙungiyoyin Los Angeles Dodgers, bugunsa ya ƙi, a 2009 aka mayar da shi mai jifa saboda ƙarfin hannunsa, kuma ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu rufe wasa na zamaninsa, wato masu jifan da ake sakowa a ƙarshen wasa don su kare nasara.

Mataki na 5: Bugu, inda aka fi daɗewa ana kallo

Wannan ita ce baiwar da ta fi tsada kuma ta fi wuyar hasashe, shi ya sa mafarauci zai auna gudunka sau ɗaya ya gamsu amma ya dawo sau biyar don ya ga bugunka. Tsakanin mai jifa da mai bugu ƙafa 60 ne da inci 6, kimanin mita 18 da rabi, kuma ƙwallon da aka jefa da gudun mil 90 a awa tana isowa cikin kusan kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa. A cikin wannan ƙiftawar ido mai bugu zai gane irin jifan, ya yanke shawarar bugu ko bari, sannan ya kai gora. Wanda ya yi nasara sau uku cikin goma a babbar gasa tauraro ne.

Ga abin da ake kallo, bi da bi. Na farko saurin gora, wato yadda hannaye ke fizgo ta ta ratsa gaban jiki, wanda shi ne ya fi wuyar koyarwa. Na biyu daidaito: kai ba ya rawa, nauyin jiki ba ya zubewa gaba kafin ƙwallo ta iso, ƙarfi na tasowa daga ƙafa da ƙugu. Na uku, wanda yara suka fi rainawa, shi ne ido. Akwai wata taga da ba a gani a saman farantin gida, wato alamar da ke ƙasa inda mai bugu ke tsayawa, daga gwiwa zuwa wajen ƙirji; jifan da ya bi ta cikinta dole a kula shi, wanda ya kauce mata a bar shi. Mafarauci yana lura da ƙwallon da ka bari kamar yadda yake lura da wadda ka buga. Idan aka yi maka jifa mai lanƙwasa da ya nutse ƙasa ka bi shi da gora sau biyu a jere, ya riga ya rubuta, kuma bugu mai kyau a zagaye na gaba ba zai goge rubutun ba.

Ƙarfin bugu kuma yanzu na'ura ke faɗa. Tun 2015 aka kafa tsarin na'urorin awo mai suna Statcast a dukkan filayen babbar gasa, kuma a ma'auninsa ƙwallon da ta bar gora da gudun mil 95 a awa ko fiye ita ce bugu mai ƙarfi. Mafarauta sun raba ƙarfin gida biyu: wanda ake nunawa a atisaye lokacin da koci ke jefo ƙwallo a hankali, da wanda ke fitowa a wasa na gaske. Yara da yawa suna tsallake katanga da safe a atisaye, da yamma kuma su kasa taɓa ƙwallo.

Gargaɗi: a makarantun sakandare da jami'o'in Amurka gorar ƙarfe ake amfani da ita, ƙwararru kuwa ta katako. Ta ƙarfe tana yafe kuskure. Ta katako idan ƙwallo ta same ta kusa da hannu sai ta girgiza tafin hannu ko ta karye. Shi ya sa mafarauta ke cika gasar bazara ta Cape Cod a jihar Massachusetts, inda 'yan jami'a ke wasa da katako. Ka sayi gorar katako tun da wuri ka riƙa atisaye da ita. Kuɗinta yakan kama daga dala hamsin zuwa sama da ɗari, kuma ka sa a ranka za ta karye, don haka ta atisaye ba sai mai tsada ba.

Mataki na 6: Idan kai mai jifa ne

Na'urar auna gudu ita ce ke fara magana. Matsakaicin miƙaƙƙen jifa a babbar gasa ya kai wajen mil 94 a awa a 'yan shekarun nan, kusan kilomita 151. Ba a jiran ɗan shekara 16 ya kai nan. Ana duba tsayinsa, da faɗin kafaɗarsa, da ko jikinsa na da wurin ƙara nama, da kuma ko ƙwallo na fita daga hannunsa cikin sauƙi. Dogon siririn yaro da ke jefa mil 87 kamar yana wasa ya fi jan hankali a kan wanda ya gama girma yana jefa 90 da yunƙuri da nishi.

Bayan gudu sai jifa na biyu da na uku: mai lanƙwasa, da na yaudara wanda hannu ke tafiya da saurin miƙaƙƙe amma ƙwallo ta iso a makare. Sai kuma saiti, wato iya ajiye ƙwallo a inda mai cafke ya ɗora safarsa. Greg Maddux ya ci wasa 355 ba tare da ya shahara da gudun jifa ba, saiti ne da motsin ƙwallo. Tsarin koyo shi ne miƙaƙƙe da saiti tukuna, sannan na yaudara, mai lanƙwasa daga baya.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi nauyi a wannan jagora: kada a kashe hannu don a burge na'ura. Ƙa'idar Pitch Smart da MLB da hukumar besbol ta Amurka suka fitar ta ce ɗan shekara 15 zuwa 16 kada ya wuce jifa 95 a rana, idan ya kai 76 ya huta kwana huɗu. Ɗan 17 zuwa 18 iyakarsa 105, idan ya kai 81 shi ma kwana huɗu. Ta kuma ce a ɗauki hutun watanni a kowace shekara ba tare da jifa ba. Jijiyar gwiwar hannu idan ta tsinke sai tiyatar da ake kira da sunan Tommy John, wanda aka fara yi wa ita a 1974, kuma jinyarta kan ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ina roƙon iyaye su riƙa ƙirga jifan da kansu a littafi, musamman idan yaro na wasa a ƙungiya biyu, domin kowane koci nasa kaɗai yake ƙirgawa. Yaron da ya ce gwiwar hannunsa na ciwo a tsayar da shi a ranar, a kai shi wajen likita.

Mataki na 7: Hannu da tsaro

Nan aikin ƙafa ne kafin na hannu. Ana kallon takun farko bayan an buga ƙwallo, da yadda safar hannu ke karɓarta ba tare da ta yi tsalle ta fita ba, da saurin ɗauke ta zuwa hannun jifa. Jifan da ake so shi ne wanda ke tafiya a miƙe ya isa ƙirjin abokin wasa. Wanda ya yi sama ya wuce kan kowa ba ya ƙara maki komai ƙarfinsa. Bango da ƙwallo ɗaya sun isa atisayen wannan kullum.

Mataki na 8: Yanzu ka fito a gan ka

Sai lambobinka sun kusanci waɗanda na ambata za ka fara kashe kuɗi. A haɗa bidiyo na minti biyu zuwa uku, babu kiɗa babu ado: bugu daga gefe da daga baya, jifa tare da na'urar awo a bayyane, gudu, da 'yan wurare daga wasa na gaske. A rubuta suna, ranar haihuwa, tsayi, nauyi, gurbi, da jadawalin wasannin da ke tafe.

A Amurka kamfanoni irin su Perfect Game suna shirya tarukan baje kolin 'yan wasa, kuma kuɗin shiga kan kai ɗaruruwan daloli, ban da mota da masauki. Lambobin da aka auna a can suna zama a intanet inda kowa zai gani, don haka zuwa ba shiri ya fi rashin zuwa illa. Taro ɗaya ko biyu a lokacin da jiki ke kan ganiyarsa sun fi goma. Manyan tarukan, kamar Area Code Games a Kalifoniya da gwajin da MLB ta fara shiryawa kafin zaɓe tun 2021, gayyata ake yi.

Ga wanda ke Afirka hanyar ta fi tsawo amma an bi ta. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya shiga idon Pittsburgh Pirates a sansanin horon MLB da ke Italiya, ya sa hannu a 2008, kuma tsaronsa ne ya riƙe shi har ya buga wasansa na farko a babbar gasa ranar 26 ga Afrilu, 2017, ɗan Afirka na farko da ya kai nan. Dodgers sun ɗauki 'yan Uganda biyu a 2022, Pirates kuma suka ɗauki wani ɗan Uganda, David Matoma, a 2023. Mafarin hanya shi ne hukumar besbol ta ƙasa da ƙungiyar ƙasa, inda ake samun wasannin da baƙi ke zuwa kallo.

Gargaɗi: mafaraucin ƙungiya albashi ake biyansa, ba ya karɓar kuɗi daga hannun yaro. Duk wanda ya nemi kuɗin biza ko na rajista da alkawarin kwantiragi, a nemi tabbaci daga ƙungiyar kai tsaye kafin a ba shi komai. Haka kuma kada a sha wani maganin ƙara ƙarfi da ba likita ya rubuta ba. A babbar gasa kamun farko dakatarwar wasa 80 ce, kuma ana gwada ƙananan 'yan wasa ma.

Mataki na 9: Hali, da ranar sa hannu

Mafarauci yakan iso tun kafin a fara wasa, ya tsaya a gefe kamar ɗan kallo. Yana ganin wanda ya fara zuwa, da wanda ke ɗumama jiki da gaske, da wanda ya buga ƙwallo mai sauƙin kamawa amma duk da haka ya ruga tasha ta farko da ƙarfinsa. Yana ganin wanda ya yi jifa da hular kwano bayan an fitar da shi, da yadda yaro ke amsa wa kocinsa da mahaifiyarsa. Daga baya zai tambayi malamai da koci. Dalilin binciken shi ne wasan cike yake da faɗuwa, kuma tsakanin sa hannu da babbar gasa akwai matakai biyar na ƙananan ƙungiyoyi da kan ci shekaru; Ngoepe kusan tara ya yi. José Altuve, mai tsayin mita 1.68, an sallame shi daga gwajin Houston Astros a Benezuwela, ya dawo washegari, aka ɗauke shi a 2007 da dala 15,000, kuma a 2017 ya zama gwarzon ɗan wasan rukunin gasar da ƙungiyarsa ke ciki. Albert Pujols mutum 401 aka zaɓa kafin shi a 1999, ya yi ritaya da bugun tsallake katanga 703.

Idan tayi ya zo, a zauna da iyaye da wanda ya san doka a karanta takarda layi-layi. A tambayi adadin kuɗin sa hannu da lokacin biyansa, da kason wakili ko mai horarwa, a kuma nemi a rubuta kuɗin karatu a cikin kwantiragin, domin ƙungiyoyi suna da tsarin biya wa ɗan wasa makaranta idan an yi yarjejeniyar tun farko. Mafi ƙarancin albashi a yarjejeniyar ƙananan 'yan wasa ta 2023 ya kama daga dala 19,800 a shekara a matakin farko a Amurka zuwa 35,800 a mataki na ƙarshe, don haka ɗan sakandaren da ke da gurbin karatu kyauta a jami'a ya ɗora tayin biyu a sikeli kafin ya ɗauki biro. Za a yi gwajin lafiya kafin kwantiragi ya tabbata, kuma duk wani tsohon rauni gara a faɗe shi da baki kafin hoton asibiti ya nuna shi.